KADA WAHALAR MAGANI TA SA A YAR DA MAGANI

Akwai wata magana da ta kamata a sa ta gaban jama'a, domin ɓarnar da rashin saninta ke yi tana da yawa, kuma a ɓoye take yin ta. Maganar kuwa ita ce ta mutanen da ke shan maganin ƙanjamau, watau cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutanen Nijar ke kira sida. Da yawa daga cikinsu sukan karɓi magani da kyakkyawar niyya, su fara sha, sa'an nan bayan 'yan kwanaki su ji jiri, ko tashin zuciya, ko rashin barci, sai su ce maganin bai karɓe su ba. Daga nan sai a tura kwalbar ƙarƙashin gado, ba a koma asibiti ba, ba a kuwa gaya wa kowa ba, sai bayan wata shida ko shekara a kwaso mutum ranga-ranga, jiki ya ƙare. Abin takaici a nan shi ne, kusan kowace wahala da maganin nan ke kawowa tana da makari, wadda ba ta da makari kuwa akwai wani magani da likita zai musanya da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar 'yan tsiraru ce. Babban binciken da aka yi a Nijeriya cikin 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar. Cikinsu akwai magidanta da matan aure, da zawarawa, da yaran da aka haifa da ita ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sabo da haka ko wanda ba ya sha, la'alla yana da ɗan'uwa ko maƙwabci mai sha, ko da bai sani ba.

Abin da ya wajaba a fara fahimta shi ne yadda maganin ke aiki. Ba ya tumɓuke cutar daga saiwarta. Aikinsa shi ne ya hana ƙwayar hayayyafa, har ta ragu cikin jini ƙwarai, garkuwar jiki ta farfaɗo, mutum ya koma gonarsa ko kasuwarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Amma akwai saura da ke laɓe cikin jiki inda magani ba ya kai wa, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ran da aka daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar ta sake cika jini. Likitocin duniya sun taɓa gwada wannan da gangan. Sun tara mutum 5,472 daga ƙasashe 33, suka raba su kashi biyu, kashi ɗaya suna sha kullum, kashi ɗaya kuwa suna hutawa in jiki ya yi ƙarfi. Cikin watan Janairu na 2006 tilas aka tsai da gwajin tun wa'adinsa bai cika ba, domin an ga ciwo mai tsanani da mutuwa sun fi ninki biyu wajen masu hutawa. Tun daga ran nan maganar hutu ta mutu wurin masana.

To, ba wanda zai musa cewa maganin yana da wahala, kuma wanda ya ce ba shi da ita bai faɗi gaskiya ba. Sai dai yawancin tsoron da ke zukatan mutane gado ne daga magungunan da. Na farkon da aka samu, mai suna zidobudin, ya fito a Amurka cikin 1987, yana kuwa ƙarar da jini ga waɗansu. Cikin 1996 aka gane sai an haɗa iri uku kana cutar ke kwantawa. Gwamnatin Nijeriya ta fara rabawa cikin 2002 a kan Naira 1,000 kowane wata, kana aka mai da shi kyauta cikin 2006. A zamanin nan ne aka sha wani mai suna istabudin, wanda ke sa zugi da mutuwar tafin ƙafa, ya zuƙe kumatu, har a riƙa gane mai shansa daga fuskarsa. Akwai kuma nebirafin, mai kawo ƙuraje da taɓa hanta ga waɗansu. Da kukan marasa lafiya ya yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a janye istabudin, aka kuwa janye shi.

Bayansu aka shiga zamanin efabirens, wanda tun 2013 hukumar ta fifita a ba da shi cikin ƙwaya ɗaya tare da waɗansu biyu. Shi kuma halinsa shi ne jiri kamar na maye, da mafarkai masu ban tsoro, wani lokaci har da baƙin ciki da firgita. Mutane da yawa da suka ga haka sai suka zaci sammu ne ko taɓin iska, aka yi ta hayaƙi da turare, alhali kuwa abin daga ƙwayar yake, kuma galibi yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, musamman in an sha da dare lokacin kwanciya, ba a kan abinci mai maiƙo ba. Daga baya aka samu dolutegrabir, wanda ya fi su ƙarfi da sauƙin ɗauka. Cikin 2017 aka daidaita farashinsa da abokan haɗinsa a kan kimanin dala 75 a shekara ga mutum ɗaya, cikin 2019 kuma hukumar ta ce shi ne zaɓin farko ga kowa. Shi ne ke cikin ƙwayar nan da ake rubuta TLD a jikin kwalbarta, watau tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, ƙwaya ɗaya a yini. Duk sauye-sauyen nan kuwa sun samu ne domin masu sha sun buɗe baki sun faɗi abin da ke damunsu, likitoci suka rubuta, aka nemi mafita.

Wahalar magani iri uku ce, ya kamata kowane mai sha ya san bambancinsu.

Ta farko ita ce mai wucewa. Ciwon kai, da tashin zuciya, da ɗan gudawa, da kasala, da ƙarancin barci, waɗannan sukan zo a makonnin farko kana su tafi da kansu in jiki ya saba. Maganinsu haƙuri da dabara. Wanda zuciyarsa ke tashi ya sha ƙwayar bayan ya ɗan taɓa abinci, wanda TLD ke hana shi barci ya nemi a mai da masa lokacin sha da safe, mai gudawa ya yawaita ruwa, ya haɗa da ruwan gishiri da sukari. Duk da haka ya faɗa wa ma'aikacin asibiti, domin a rubuta a katinsa.

Ta biyu ita ce mai haɗari, wadda ba a kwana da ita a gida. In ƙuraje suka feso suna ɗurar ruwa, ko fata ta fara saɓulewa, ko baki ya yi gyambo ido ya yi ja tare da zazzaɓi, to, kada a ƙara haɗiyar wata ƙwaya sai likita ya gani, kuma a ranar za a je, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Irin wannan ko Septrin da ake bayarwa don tsare jiki daga waɗansu cututtuka yakan kawo shi. Haka nan a gaggauta zuwa asibiti in ido ya yi rawaya tare da amai da ciwon ciki, ko ƙafa da fuska suka kumbura fitsari ya ragu, ko tafin hannu ya yi fari fat ana haki, ko ciwon kai ya tsananta wuya ya sanƙare, ko ƙishirwa da yawan fitsari suka addabi mutum dare da rana, ko zuciya ta fara raya masa ya halaka kansa. Akwai kuma wanda zai fara magani, maimakon sauƙi sai zazzaɓi da tari su taso, ko kaluluwa ta kumbura. Sau da yawa wannan alama ce garkuwar jiki ta farka ta tarar da wata cuta a ɓoye, kamar tarin fuka, ta kama faɗa da ita. Abin da ake yi shi ne a nemo cutar a yi maganinta, likita ne kuma zai ce a ci gaba ko a dakata.

Ta uku ita ce mai tafiyar ruwa, wadda ba a jin ta sai awo ya nuna. Tenofobir yakan taɓa ƙoda ga waɗansu, ya kuma rage ƙarfin ƙashi, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon sukari. Dolutegrabir kuwa yakan sa ƙiba. Binciken da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu da kuma Yawunde ta Kamaru, waɗanda aka buga cikin 2019, ya nuna haka, na Johannesburg kuma ya nuna abin ya fi yawa ga mata. A ƙasar Hausa wanda ya yi jinya ya murmure ya yi ƙiba barka ake yi masa, kuma lalle mai da jiki bayan rama alheri ne. Amma in teɓa ta ci gaba da tahowa ba tsayawa, to, a auna jini da sukari, a rage maiƙo da zaƙi, a motsa jiki. Don haka wanda aka ce ya kawo jini ko fitsari a auna, kada ya ce ai lafiyarsa lau.

Sai kuma abubuwan da ba sa jituwa da maganin, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Maganin ƙwannafi da gyambon ciki irin mai farin ruwa kamar alli, da ƙwayar ƙarin jini, da ta ƙarfin ƙashi, duk sukan kama dolutegrabir a cikin hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha maganin ƙanjamau sa'a 2 kafin su, ko sa'a 6 bayansu, sai dai ƙwayar ƙarin jini da ta ƙashi likita kan yarda a haɗa su in a kan abinci ne. Mata masu ciki su lura da wannan ƙwarai, tun da su aka fi ba ƙwayar ƙarin jini. Mai shan maganin tarin fuka da ke da rifamfisin a ciki, shi ana ƙara masa wata ƙwayar dolutegrabir ya riƙa sha sau biyu a yini. Mai ciwon sukari da ke shan metfomin, da mai farfaɗiya, su ma akwai gyaran da ake yi musu. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda masu talla ke ƙullawa a leda suna sayar wa manoma da 'yan dako, yawan shansu tare da tenofobir yana wahal da ƙoda. Haka jiƙe-jiƙe da tsime-tsime da maganin basir na kasuwa, waɗanda ba a san abin da aka zuba cikinsu ba. Hanya mafi tsira ita ce mutum ya tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ya kai gaban likita ba tare da jin kunya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu sai maganar sauya magani. Ita ma kashi biyu ce, kuma dukkansu aikin likita ne. Kashi na farko shi ne musanya sabo da wahala. Cutar tana kwance, amma ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙi jiki, sai a zare shi a sa wani a gurbinsa, kamar a cire zidobudin ga wanda jininsa ya yi ƙasa, ko a cire tenofobir ga wanda ƙodarsa ta raunana. Wannan ba ya rage wa mutum kome. Kashi na biyu shi ne sauyawa sabo da maganin ya kasa. Ana gane haka da awon yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ake yi bayan wata 6 da farawa, da bayan wata 12, kana sau ɗaya kowace shekara. In awo ya wuce 1,000, ba a gaggawar sauyawa. Sai a zauna da mutum a binciki yadda yake sha, a gyara abin da ya karkace, a sake awo bayan wata 3. In har yanzu yana sama, sa'an nan a duba mai da shi sahu na biyu.

A nan ne haɗarin sha-yau-bari-gobe yake. Ƙwayar cutar tana sauya kama duk lokacin da take hayayyafa. In magani ya cika jini ba ta samun dama, in kuwa ana sha ana tsallakewa, sai ta samu magani kaɗan wanda bai isa ya danne ta ba, ta saba da shi, ta bijire masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda kuma ya ɗauki irin wannan ƙwaya daga wurin wani, da bijirewarta zai ɗauka. Sahun magani kuwa ƙidayayye ne. Na biyu yakan fi yawan ƙwayoyi, ga shi da nasa hali, domin lofinabir yana sa gudawa, atazanabir kuma yana sa ido rawaya ko da hanta lafiya take, sai likita ne ke iya bambance wannan da shawara ta gaske. Na uku kuwa tsada gare shi, sai a manyan asibitoci ake samunsa. Wanda ya gudu daga ɗan jirin sahun farko ya ƙone shi da hannunsa, gudun gara ya yi ya tad da zago.

Akwai wani dalili kuma da ya hana mutum ya tsai da magani da ra'ayinsa. Tenofobir da lamibudin suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashen nan, mutane da dama kuma suna da shi ba su sani ba. In mai ɗauke da cutar biyu ya bar maganin farat ɗaya, ciwon hantar yakan taso da ƙarfi har ya kai ga halaka. Wannan ya sa ake awon hanta kafin a sauya. Haka nan kada miji ya ɗebi na matarsa, ko aboki ya ara wa aboki, domin kwalba kan yi kama alhali abin da ke ciki daban. Yara kuwa da nauyinsu ake auna musu, yaro na girma ana ƙara masa, don haka uwa ta riƙa kai shi a ɗora a sikeli. Allurar nan da ake yi duk wata ɗaya ko biyu maimakon ƙwaya, wadda Amurka ta amince da ita cikin 2021, ita ma wanda cutarsa ta riga ta kwanta ake mayarwa kanta, kuma ba ta taɓa ciwon hanta.

Mata masu ciki da masu neman haihuwa su kwantar da hankalinsu. Cikin 2018 wani bincike a Botswana ya ta da tsoron cewa dolutegrabir na iya kawo naƙasa ga jariri, labari ya bazu, waɗansu mata suka firgita. Da aka ci gaba da ƙidaya haihuwa ta yi yawa, sai aka ga tsoron bai tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne, uwar da ta bar magani tana buɗe wa cutar hanya zuwa ga ɗanta, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono.

Game da azumi kuwa, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a yini ba ta hana shi. Ana mai da lokacinta sahur ko bayan buɗa-baki, a tsaya a kan lokaci ɗaya har wata ya ƙare, a kuma sha ruwa sosai da dare sabo da ƙoda, musamman in azumi ya faɗo cikin bazara. Sai dai a yi shawara da likita tun cikin Sha'aban, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke sha sau biyu, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, ya ji ta bakin likita, ya kuma tuna shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Maniyyaci da ɗan ci-rani da direban babbar mota su nemi a ba su na wata uku ko shida kafin su tashi. Wanda ya manta bai sha ba ya sha sa'ad da ya tuna, amma kada ya haɗa biyu don ramuwa.

Sauran magana ta masu da'awar warkarwa. Cikin 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce ya samu maganin ƙanjamau daga itatuwa, ya tara marasa lafiya ya hana su maganin asibiti. Waɗansu suka mutu, waɗanda suka tsira kuma suka kai ƙararsa cikin 2018 bayan ya bar mulki. In mai mulki ya iya yin haka, ina ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa? Dabarar da suka fi yi ita ce su ba mai shan maganin asibiti nasu haɗin, kana su ce ya je a auna shi. In takarda ta fito cewa ba a ga ƙwayar a jini ba, sai su ce ga shaida ya warke, ya zubar da na Bature. Alhali kuwa ƙwayar asibitin ce ta yi aikin, kuma rashin ganin cutar a awo ma'anarsa ta kwanta, har mai ita ba ya sa wa iyalinsa ta hanyar aure muddin yana kan magani. Malaman da jama'a ke kai wa kukansu suna da nauyi babba a nan. Addu'a ba ta taɓa yin gaba da neman magani ba, kuma malamin da ya ce wa almajirinsa ko maƙwabcinsa ya ajiye ƙwaya don nuna tawakkali, ya ɗauki alhakin rai. Abin da ya dace da shi shi ne ya yi masa addu'a, ya rufa masa asiri, ya tambaye shi ko ya sha na yau.

Ma'aikatan asibiti su ma akwai nasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sabo da haka in mara lafiya ya ce ba ya barci, ko ƙarfinsa na iyali ya ragu, kada a daka masa tsawa a ce ya matsa na baya ya zo. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake faɗin gaskiya, wanda ba ya faɗin gaskiya kuwa ba a iya gyara masa magani. Wanda ya tsere ya komo a karɓe shi da fuska sake. Hukuma kuma ta duba kuɗin awon ƙoda da hanta da sukari, domin ba amfani a ba talaka ƙwaya kyauta a bar shi da awon da ya fi ƙarfin aljihunsa. Ta kuma yi tanadi nata na kanta, gama dakatar da taimako da Amurka ta yi cikin Janairun 2025 ya girgiza asibitoci da yawa a Afirka, ya nuna aron riga ba ya raba mutum da tsiraici.

Iyali kuma su sani tsangwama tana cikin manyan abubuwan da ke sa a yar da magani. Matar da ke ɓoye kwalbarta cikin tukunya don tsoron kishiya ko dangin miji, ba za ta iya sha a kan lokaci ba, balle ta ce tana jin jiri. Dokar da Nijeriya ta kafa cikin 2014 ta hana a wulaƙanta mai ɗauke da cutar a wurin aiki ko makaranta ko asibiti, amma doka ba ta shiga tsakar gida, sai mutanen gida sun ga dama. Kowane mai sha yana bukatar mutum ɗaya amintacce wanda zai tuna masa lokaci, ya raka shi asibiti ran da jiki ya ƙi.

Sabo da haka duk wanda wannan magana ta iske da kwalba a ajiye, ya ɗauko ta tare da katinsa, ya koma inda aka ba shi, ya faɗi ranar da ya daina da dalilin da ya sa, ba ragi ba ƙari. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, amin. Wassalam.